Gadon Sarauta a Ƙasar Haɗejiya: Jini, Fada da Hukuma

 

Kafin in shiga cikin abin da ya tara mu, ya wajaba in gode wa shugabannin wannan ƙungiya da suka ga ya dace su tsayar da ni a gabanku, alhali kuwa akwai waɗanda suka fi ni sani a wannan zaure. In na yi daidai, daga Allah ne. In na yi kuskure, ga malamaina nan zaune, su ne masu gyara.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana wani ƙaramin al'amari ne da ya faru a ɗakin kwananmu. Wata rana da dare na tarar da abokaina biyu suna gardama mai zafi a kan wata masarauta ta ƙage, irin ta wasannin da ake bugawa a waya da kwamfuta, inda mai wasa yakan ɗauki matsayin wani basarake ya yi ta neman gadon mulki. Ɗayansu ya jero gidajen sarautar wannan ƙasa da babu ita a bayan ƙasa, ya faɗi wanda ya haifi wane, da wanda ya kashe wane, da wanda ya cancanci gado, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya gama sai na tambaye shi, tun da shi ma Bahaɗeje ne kamata, ko sarakuna nawa aka yi a Haɗejiya daga Jihadi zuwa yau. Sai ya yi shiru. Ban yi masa dariya ba, domin ni ma a daren nan ba zan iya jero su duka ba. Kunyar da na ji ita ce ta kai ni ga littattafai da dattawa, kuma abin da na samo shi ne zan gabatar muku yau.

A irin waɗancan wasanni, ƙa'idar gado a rubuce take, wanda ya tsara wasan ya riga ya yanke ta: in sarki ya mutu, wane ne zai hau. A ƙasar Hausa kuwa ba haka abin yake ba. Tambayata a yau ita ce: idan gadon sarauta ya zama babu kowa a kai, wa ke da ikon cika shi? Zan yi ƙoƙarin nuna muku, ta hanyar tarihin Haɗejiya, cewa hannuwa uku ne suke naɗa sarki. Akwai jini, watau gidan da mutum ya fito. Akwai fada, watau manyan gari da masu riƙe da makamai. Akwai kuma hukumar da ke bisa, wadda ta taɓa zama Barno, ta zama Sakkwato, ta zama Turawa, yau kuma ta zama gwamnatin jiha. Duk lokacin da ukun nan suka haɗa baki, sai a zauna lafiya. Duk lokacin da suka rabu, talaka ne yake biyan kuɗin rabuwar.

ƘASAR DA AKE GADO

Ba a gane dalilin jayayya sai an san abin da ake jayayya a kansa. Kogin Haɗejiya ya samo ruwansa daga kogin Kano da kogin Challawa, ya gangaro gabas, ya bazu a fadamu masu faɗi kafin ya sadu da ruwan kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Wannan bazuwar ruwa ita ce dukiyar ƙasar. Da damina a noma shinkafa, ruwa ya ja baya a yi noman rani, masunta su kama kifi, makiyaya kuma su sauko da shanunsu lokacin da tudu ya bushe. A yankin da ruwan sama bai da yawa, wanda ya mallaki fadama ya mallaki abinci. Bayan wannan kuma, ƙasar tana kan iyaka ne tsakanin Hausa da Barno, saboda haka duk mai mulkinta yana da maƙwabta biyu masu ƙarfi, kuma yana iya jingina da ɗaya idan ɗayan ya matsa masa. Ku riƙe wannan, domin za mu komo gare shi.

Kafin Jihadi babu masarauta guda ɗaya a wannan yanki. Ƙananan sarautu bakwai ne: Auyo, Haɗejiya, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa. Garun Gabas ita ce Biram ɗin da ake ƙirgawa cikin Hausa Bakwai a labarin Bayajida. Auyo kuwa tana da mutanenta masu harshensu na kansu, Auyakanci, wanda yanzu ya ɓace. Game da sunan Haɗejiya, labarin baka ya ce wani maharbi ne mai suna Haɗe da matarsa Jiya suka fara zama a wurin. Waɗannan sarautu duka suna ƙarƙashin inuwar Barno, suna kai gaisuwa ta hannun Galadiman Barno da ke zaune a Nguru. Watau tun kafin zuwan tutar Shehu, sarkin wannan yanki ya saba da cewa akwai wani a bisansa wanda sai ya yarda sarauta take zama.

GIDAN ARƊO ABDURE

Fulani makiyaya sun daɗe suna shigowa wannan fadama saboda ciyawa da ruwa. Daga cikin shugabanninsu akwai Arɗo Abdure. Wajen 1788, Sarkin Haɗejiya na Haɓe, Abubakar, ya naɗa Umaru ɗan Abdure Sarkin Fulani. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗaga tutar Jihadi a 1804, Umaru ya aiki ƙanensa Sambo ya kai mubaya'a, ya komo da tuta. Daga sansaninsu na Rinde suka shawo kan ƙananan sarautun nan ɗaya bayan ɗaya. Umaru ya rasu a 1808, ɗansa Mamman Kankiya ya gaje shi, amma shi ma bai cika shekara ba ya rasu. Sai sarauta ta koma hannun Sambo.

A nan akwai abin lura. A cikin littafinsa Kitab al-Farq, Shehu Usmanu ya lissafa halayen mulkin da ya yi wa tawaye, kuma daga cikin abubuwan da ya soka akwai karɓar sarauta ta hanyar gado da ƙarfi ba tare da shawara ba. Amma duk da haka, a Haɗejiya kamar a sauran ƙasashen da suka karɓi tuta, ba a yi nisa ba sarauta ta zauna a gida ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: jama'ar da suka yi yaƙi a ƙarƙashin wani gida sun fi amincewa da 'ya'yan gidan, Sakkwato kuma ta fi son ta san wanda take hulɗa da shi. Abin da aka yi shi ne sulhu tsakanin aƙida da al'ada. Gida ɗaya ne zai ba da 'yan takara, manyan gari su zaɓa, Sarkin Musulmi ya tabbatar.

Sambo ya yi shekara 37 a kan gado, daga 1808 zuwa 1845. Shi ne ya bar Rinde ya shiga birnin Haɗejiya ya mai da shi mazaunin sarki, ya faɗaɗa gari, ya kafa tsarin da masarautar ta tsaya a kai. Duk sarkin da aka yi a Haɗejiya bayansa jininsa ne. Sai dai tsawon mulki da yawan 'ya'ya suna zuwa da nasu nauyin, domin sa'ad da ya tsufa ya yi murabus a 1845, ya bar 'ya'ya manya da yawa, kowanne da barorinsa da dawakinsa, kowanne kuma yana ganin babu wanda ya fi shi cancanta.

SHEKARU ASHIRIN NA GIRGIZA

Garko ne ya fara hawa a 1845, ya rasu a 1847. Ɗan'uwansa Abdulƙadir ya hau, shi ma ya rasu a 1848, shekarar da tsoho Sambo ya bar duniya. Ana ba da labari cewa Sambo ya fi son Ahmadu ya hau, amma Buhari ne ya zauna a gadon, domin shi ne yake da mayaƙa da manyan bayin sarki a bayansa. A nan hannuwan nan uku suka rabu. Jini bai raba gardama ba, tun da Ahmadu da Buhari duka 'ya'yan Sambo ne. Fada tana tare da Buhari. Hukumar bisa kuwa ba ta gamsu da shi ba, balle da ya sa aka kashe ɗan'uwansa Sarkin Auyo, wanda yake ganin zai iya zame masa kishiya.

A 1850 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya aiko Waziri Abdulƙadir ya tuɓe Buhari ya naɗa Ahmadu. Buhari bai miƙa wuya ba. Ya fita da jama'arsa, ya jingina da ɓangaren Barno, wanda a lokacin ba ya ga maciji da Sakkwato, ya tara ƙarfi. A 1851 ya komo ya ƙwace gari, aka kashe Ahmadu. Wajen 1853 aka tara masa runduna babba daga ƙasashe da dama na daular Usmaniyya, amma ya auka musu a Kaffur ya watsa su. Daga nan har ƙarshen ransa bai sake bin umurnin Sakkwato ba, ya yi ta kai hari ƙasar Kano da Katagum da sauran maƙwabta. Baturen nan matafiyi na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ratsa ta ƙasar Gumel a 1851, ya rubuta labarin tsoron da sunan Buhari ya jefa a zukatan mutanen yankin. Buhari ya rasu a 1863 a wajen yaƙi da Badawa a Gogaram.

Na san a cikin wannan zaure akwai Haɗejawa da suka tashi suna jin sunan Buhari da alfahari, a matsayin jarumin da ya ƙi rusunawa ga kowa. Na san kuma akwai 'yan'uwanmu daga gabashin Kano da Katagum waɗanda kakanninsu suka ba su labarin garuruwan da aka ƙone da mutanen da aka kama bayi. Duka labaran biyu gaskiya ne, kuma ɗalibin tarihi ba ya da ikon ɗaukar ɗaya ya jefar da ɗaya. Abin da nake so mu gani shi ne inda wutar ta tashi. Ta tashi ne daga tambaya guda wadda ba a amsa ta a kan lokaci ba: cikin 'ya'yan Sambo, wa zai hau? Gardamar cikin gida ɗaya ta jawo Sakkwato, ta jawo Barno, ta cinye rayukan manoma da masunta waɗanda ba su taɓa shiga fada ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Rasuwar Buhari ba ta kashe wutar nan take ba. Manyan bayin da suka yi masa yaƙi, irin su Sarkin Arewa Tatagana, suka tsaya wa ɗansa Umaru, wanda yake matashi, ya hau a 1863. Bayan shekara biyu baffansa Haruna ɗan Sambo ya kawar da shi, Umaru ya koma ƙasar Kano da zama. In kun ƙirga za ku ga daga 1845 zuwa 1865 an yi naɗi sau bakwai cikin shekara 20, kuma 'ya'yan Sambo biyar ne suka hau gado: Garko, Abdulƙadir, Buhari, Ahmadu da Haruna. Irin wannan gado na wa da ƙane ba a Haɗejiya kaɗai aka san shi ba. A ƙasar Saudiyya, daga rasuwar Sarki Abdul'aziz a 1953 'ya'yansa shida ne suka hau bi da bi, daga Sa'ud har zuwa Salman wanda ya hau a 2015. Amfanin wannan tsari shi ne ba a ɗora yaro a kan mulki. Haɗarinsa kuwa shi ne kowane ɗan'uwa da ya hau yakan so ya tsayar da sarautar a ɗakinsa, 'ya'yan sauran kuma ba sa mantawa da cewa ubanninsu ma sun yi sarauta.

RANAR 25 GA AFRILU, 1906

Haruna ya yi shekara 20 a kan gado, ya daidaita tsakaninsa da Sakkwato, ya rasu a 1885. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi. A zamaninsa ne Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Haɗejiya ba ta faɗa a shekarar ba, amma ba ta kuma saki jiki da baƙin ba, aka yi ta zaman doya da manja. Bayan tawayen Satiru a farkon 1906, Gwamna Lugga ya ƙudura cewa ba zai bar wata masarauta tana yi masa tsaurin ido ba. Aka aiko runduna ƙarƙashin Kanar Lowry Cole. Ran 25 ga Afrilu 1906 aka gwabza a cikin birni, dawaki da takubba da masu suka fuskanci bindigogi masu aman wuta. Aka kashe Sarki Muhammadu tare da wasu daga cikin 'ya'yansa da manyan mayaƙansa. Shi ne har yau ake kira Mai Shahada.

To, me Turawa suka yi da gadon da suka mayar babu kowa a kai? Sun naɗa ɗan wanda suka kashe, watau Haruna ɗan Muhammadu. Ku gwada wannan da abin da ya faru a Katsina a wannan shekara ta 1906, inda suka tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa, suka ɗauko Durɓi Muhammadu Dikko na Sulluɓawa, sarautar ta bar tsohon gida har yau. Hukuma ɗaya, shekara ɗaya, hukunci biyu. A Katsina sun ga akwai wani mutum mai ƙarfi da zai yi musu aiki, sai suka tsallake jini. A Haɗejiya sun ga babu gidan da jama'a za su bi in ba gidan Sambo ba, sai suka girmama jini. Wannan ya nuna mana cewa hukumar bisa tana bin al'ada ne idan al'ada ta yi daidai da bukatarta, kuma abin da ya kare gidan Sambo a ranar shi ne haɗin kan jama'ar da ke bayansa.

Bari in karanto muku jerin waɗanda suka biyo baya, domin kada a sake kama ɗayanmu da shiru irin na abokina. Haruna ɗan Muhammadu, 1906 zuwa 1909. Ɗansa Abdulƙadir, 1909 zuwa 1925. Usman, ɗan'uwan Abdulƙadir, 1925 zuwa 1950. Haruna ɗan Abdulƙadir, 1950 zuwa 1984. Ɗansa Abubakar Maje, 1984 zuwa 2002. Sai ɗansa, Mai Martaba Alhaji Adamu Abubakar Maje, wanda aka naɗa a 2002, shi ne na 16 in an fara ƙirge daga Umaru ɗan Abdure.

Ku dubi bambancin. Daga 1865 zuwa 2002, shekara 137 ke nan, sarauta ta canza hannu sau bakwai kacal, daidai da yawan naɗin da aka yi cikin shekara 20 na zamanin girgiza. Sau biyar daga uba zuwa ɗa, sau ɗaya daga ɗan'uwa zuwa ɗan'uwa, sau ɗaya daga baffa zuwa ɗan ɗan'uwansa, kuma duka a zuriyar Haruna ɗan Sambo. Babu wata doka da ta ce lalle ɗan fari ne zai hau, kamar yadda ake yi a Ingila, inda aka san magaji tun ranar haihuwarsa. Abin da ya faru shi ne da'irar masu neman gado ta ƙuntata, hannuwan nan uku kuma suka riƙa haɗuwa a kan mutum ɗaya.

YADDA WASU SUKA YI

Kowace masarauta da irin maganin da ta nema wa wannan ciwo. A Zazzau bayan Jihadi an raba damar sarauta tsakanin gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, ta yadda gidan da bai samu yau ba yana sa ran gobe. A Kano akwai masu zaɓen sarki huɗu da kowa ya sani: Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Amma samun masu zaɓe bai hana Kano shiga Basasa ba, sa'ad da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur a 1893 ba da son yawancin gidan sarauta ba, Yusufawa suka fice zuwa Takai, aka yi ta zub da jini har 1895. Ciwon Haɗejiya na 1850 da ciwon Kano na 1893 iri ɗaya ne: hukumar bisa ta zaɓi wanda ƙarfin cikin gida bai karɓa ba.

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. An sauke Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya a 1963. An tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996. A 2019 gwamnatin Kano ta raba masarautar, a watan Maris na 2020 ta tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na biyu, a watan Mayu na 2024 kuma wata gwamnatin ta soke dokar ta mayar da shi, magana ta kai gaban kotuna. Ba na tsaya nan domin in goyi bayan wani ɓangare ba. Abin da nake nunawa shi ne, hannun nan na uku ya yi nauyi a zamaninmu fiye da kowane lokaci. A jamhuriya ta farko sarakuna suna da majalisarsu a Kaduna. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ragowar ikon gudanarwa. Tsarin mulkin 1999 kuwa bai ba sarakuna wani aiki ba ko kaɗan, ya bar al'amarinsu ga dokokin jihohi. Dokar jiha kuma majalisar jiha ce take yin ta, tana iya canza ta cikin kwana ɗaya.

ME YA SHAFE MU?

Mai yiwuwa wani ɗan'uwa ya tashi ya ce, tun da sarki ba ya da kotu, ba ya da ɗan doka, ba ya karɓar haraji, me ya dame mu da wanda ya hau? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin fadamar da na fara da ita. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta canza. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, wasu wurare ruwa ya yi musu yawa, wasu ya daina isa gare su. Ambaliya ta 2020 da ta 2022 ta ci gonaki da gidaje a ƙasar. Manomi da makiyayi da masunci suna neman abinci a fili ɗaya wanda ba ya ƙaruwa. Idan shanu suka shiga gona a wani ƙauye na Guri ko Kiri Kasamma, kafin magana ta kai ofishin 'yan sanda ta riga ta biya ta wurin mai unguwa da bulama da hakimi. Idan za a tara mutane gayyar share kachalla ko ɗaure bakin kogi da buhunan ƙasa, muryar da suke amsawa ita ce ta wannan tsari. Masarautar Haɗejiya ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas na Jihar Jigawa: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Shugabannin ƙananan hukumomi suna zuwa suna wucewa, amma wannan sarƙa tana nan.

Ƙarfin wannan sarƙa kuwa ɗaya ne tak, watau yardar jama'a. Sarkin da mutane suka san an naɗa shi bisa hanyar da suka gada, in ya ce a yi haƙuri sai a yi. Wanda suke ganin wata jam'iyya ce ta ɗora shi, rabin gari ne kaɗai zai saurare shi, sauran rabin suna jiran a canza gwamnati. Saboda haka maganar gadon sarauta magana ce ta zaman lafiyar mai noman shinkafa a Auyo, ko da bai taɓa taka ƙofar fada ba.

Bisa ga wannan, ina da shawarwari uku. Na farko, kowace masarauta ta rubuta al'adarta ta gado tun ana zaune lafiya: waɗanne gidaje ne suke da haƙƙi, su wane ne masu zaɓe, yaya ake zaɓen. Ranar makoki ba ranar tsara ƙa'ida ba ce, kuma rigakafi ya fi magani. Na biyu, doka ta iyakance hannun gwamnati, ta yadda ba za a tuɓe sarki ba sai da laifi bayyananne, da bincike, da ba shi damar kare kansa, kuma ba za a tsallake wanda masu zaɓe suka fitar ba sai da hujjar da za a iya faɗa a bainar jama'a. Na uku, su kansu masu zaɓe su tuna da abin da Shehu ya soka. Jini yana ba mutum damar shiga takara ne kawai. Ilmi da adalci da sanin halin talakawa su ne ya kamata su fitar da gwani a cikin 'yan gida. Kyan ɗa ya gaji ubansa, amma gadon hali ake nufi kafin gadon rawani.

Mu kuma ɗalibai akwai namu aikin. Dattawan da suka ji labarin 1906 daga bakin waɗanda suka gani da idonsu suna ƙarewa. Kowane ɗayanmu yana da waya a aljihu wadda za ta iya ɗaukar murya. In mun je hutu, mu zauna da su, mu tambaye su jerin hakimai da bulamomin garuruwanmu, da yadda aka naɗa kowanne, mu rubuta mu ajiye a ɗakin karatu na sashenmu. Abokin nan nawa da na ba ku labarinsa ya riga ya fara, ya komo daga hutun da ya wuce da sunayen masu sarautar ƙauyensu har kaka na shida, kuma yana zaune a cikinku yanzu, ba zan nuna shi ba.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin in bar lokacin tambayoyi da gyare-gyare. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.